Waya ɗaya ta kwantar mana da kwamfuta 250 a Sabon Gari, wa ya san kan STP ya taimaka

Mai CBT Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wlh jiya Asabar na ga tashin hankali, har yanzu kaina bai daina ciwo ba. Muna cikin gwajin yara masu shirin JAMB, zama na biyu, yara sun cika hol, kawai sai komai ya tsaya cak, babu kwamfutar da ke ganin saba (babbar kwamfutar da jarrabawar ke kai), na ruga wajen rak na tarar fitilun suwic (na'urar da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a ciki) duka suna ƙiftawa tare kamar an haɗa baki, ba irin ƙiftawar da muka saba gani ba, wannan da gudu ne ba numfashi. Na kashe na kunna, minti ɗaya lafiya sai ya dawo. Awa 3 muna zare waya ɗaya bayan ɗaya ga iyaye a bakin get suna ta kira. Daga ƙarshe ashe wani ɗan ƙaramin suwic ne mai rami 8 da ke ƙarƙashin tebur a layin baya, yaron da ke mana shara ya ga kan waya na lilo a ƙasa sai ya tausaya mata ya soke ta a ramin da ya gani, alhali ɗayan kan nata ma a cikin suwic ɗin yake. Suwic ɗinmu manya Cisco 2960 ne na hannu guda 12. Wani ya ce min wai wani saitin suwic da ake kira STP (Spanning Tree Protocol) ne maganin abin. Dan Allah wanda ya sani ya min bayani yadda zan gane, jarrabawa ta kusa.

Ɗan PZ:
Wa alaikumus salam. Ɗan hakin da ka raina kenan 😂 sannu oga. Maganinka kwado ne ba STP ba, kulle rak, cire ƙananan suwic ɗin nan, ka ja wa mai shara kunne shikenan

'Yar Kongo:
Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Amma akwai abin da bai min daidai ba a labarin nan, 2960 da STP a kunne yake zuwa daga kamfani. Shiga da kebul ɗin konsol ka buga show spanning-tree ka faɗa mana me ya fito.

Mai CBT Sabon Gari:
Hajiya na buga, cewa yayi babu wani spanning tree instance. Na kira wanda ya haɗa mana netwok ɗin shekara biyu da suka wuce, ya amsa cewa shi ya kashe, wai lokacin muna ta masa ƙorafi kwamfuta na daɗewa kafin ta samu IP (adireshinta a netwok) in an kunna ta, sai ya sa no spanning-tree vlan 1 a duka. Kuma gsky na tuna mun yi ƙorafin, har yabonsa muka yi ranar da ya gyara 🤦

Tsohon Injiniya:
To kun yaba wa wanda ya cire muku birki saboda mota na ƙara in an taka. Ba shi kaɗai ba ne, na sha tarar da irin wannan a garin nan.

Bari in faro daga tushe saboda yaran da ke karatu a nan. Suwic in saƙo ya zo masa wanda na kowa da kowa ne, irin na ARP (tambayar waye mai wannan adireshin) ko na neman IP, ba ya tambaya, kwafa yake ya fitar ta kowane rami sai wanda saƙon ya shigo ta ciki. To in akwai hanyar da za ta dawo da saƙon nan gare shi sai ya sake kwafa ya sake fitarwa, ya dawo ya sake, kuma kowane sabon saƙo da kwamfutocinka 250 suka tura yana shiga cikin zagayen ne ya zauna, ba mai fita. Cikin daƙiƙa kaɗan wayoyi sun cika. Ga kuma teburin adireshin MAC (lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita a jikinta) ya rikice, don suwic yana ganin kwamfuta ɗaya yanzu ta rami na 3 anjima ta rami na 17, ya rasa ina take. Wannan ne ƙiftawar da ka gani.

STP aikinsa ɗaya ne, suwic-suwic su riƙa gaisawa da wani ɗan saƙo da ake kira BPDU duk daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba ɗaya, kowa ya nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare shi, duk wata hanya ta biyu a toshe ta a ajiye sai ranar da ta farko ta mutu, hanyoyin da aka bari a buɗe su ake kira bishiya. Wata mata ce Radia Perlman ta ƙirƙiro lissafin a 1985 tana aiki a kamfanin DEC a Amurka, IEEE suka mai da shi ƙa'ida 802.1D a 1990. Ya girmi yawancinku.

Ɗalibi Samaru:
Baba Injiniya Allah ya ƙara lafiya, tambaya ɗaya. An koya mana akwai TTL da ke kashe saƙo in ya yi ta yawo, me yasa a nan bai kashe shi ba?

Tsohon Injiniya:
Ɗana TTL na cikin IP ne, rauta ce ke rage shi duk lokacin da saƙo ya ratsa ta. Suwic na mataki na 2, wato irin namu mai aiki da adireshin MAC, ba ya taɓa shi, firem ɗin Ethernet kuma ba shi da wani ma'aunin kwana a jikinsa. Sai an zare waya ko an ɗauke wuta.

Ɗan PZ:
Ni fa da girmamawa Baba amma ban yarda ba. Shekara nawa ina haɗa kafe da ofisoshi daga PZ har Kwangila, tsarin tauraro nake yi, suwic ɗaya a tsakiya kowa ya ja waya ɗaya zuwa gare shi, ina zagaye zai fito? STP ɗin nan ni wahala kawai na sani da shi, ka soka waya fitila ta tsaya ruwan lemo rabin minti kostoma na kallonka kamar baka iya aiki ba, wani lokacin ma ya toshe maka hanyar da kake so ya buɗe wadda baka so. Abin manyan kamfanoni ne masu faiba biyu-biyu, mu nan waya ɗaya ma da kyar mai gida ke biya

'Yar Kongo:
Ɗan PZ ai shi ma Mai CBT tauraron ne da shi, mai shara ne ya ƙara masa zane 😄 Zagaye ba sai kai ka tsara shi ba, wani ne zai kawo maka kyauta. Rabin mintin da kake kuka da shi kuwa gaskiyarka ne, akwai shi, a tsohon STP rami yana yin daƙiƙa 15 yana saurare, 15 yana koyon adireshi, 30 kenan kafin ya fara wucar da kaya, in kuma hanya ce ta mutu a wani wuri ana iya ƙara 20 na jira ya zama 50. Amma an magance wannan tun 2001 da RSTP, wato sabon STP mai sauri, 802.1w, shi a tsakanin suwic da suwic yarjejeniya suke yi nan take ba jiran agogo. Ramin da kwamfuta ke ciki kuma ka gaya wa suwic cewa bakin layi ne ya buɗe kai tsaye.

Malam Mai CBT ga abin da za ka sa a kowane suwic, amma bayan an tashi ba lokacin da yara ke ciki ba:

spanning-tree vlan 1
spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree portfast default
spanning-tree portfast bpduguard default

Na ukun ne ke kawar da jinkirin IP ɗin da ya sa aka kashe muku tun farko. Na huɗun shi ne mai gadi, duk ramin kwamfuta da aka ji BPDU ya shigo ta cikinsa to ba kwamfuta ba ce a wurin, sai ya rufe ramin. Ka tabbata wayoyin da ke tsakanin suwic da suwic trunk ne (saitin ramin da ke haɗa suwic da suwic) ko ka cire musu portfast da hannu, in ba haka ba mai gadin zai rufe maka su ka zauna a duhu. Kar ka manta write memory.

Mai Kamara T/Wada:
Slm. Ni kamara nake sawa amma abin nan ya taɓa cina. Wani gida biyu ne na mutum ɗaya titi ya raba su wajen Gyallesu, na haɗa su da rediyo biyu, daga baya mai gidan ya sa wani ya ja waya ta cikin kwalbati bai faɗa min ba kuma ba a kashe rediyon ba. Kamara 16 duka suka ɗauke, kwana biyu ina zargin NVR (na'urar da ke naɗar hoton kamarorin) har na kusa sayo sabo da kuɗina. Don haka Ɗan PZ ba sai faiba biyu ba, iska da waya ma zagaye ne

Ɗan PZ:
Naji, amma wannan ai laifin mai gida ne

Mai Kamara T/Wada:
Laifinsa ne amma ni aka kira ƙarfe 11 na dare

Mai CBT Sabon Gari:
Jama'a na dawo. Jiya bayan isha'i na sa abin da Hajiya ta bayar a duka 12, Alhamdulillah kwamfuta na samun IP nan take. Amma yau da safe wani abu ya faru, an ɗauke wuta kafin a tada janareta sai rabin hol ya ɗan tsaya na ɗan lokaci ya dawo, da wuta ta dawo ya sake yi. Manyan suwic biyu da saba suna kan inbata basu mutu ba. Me kuma ya kawo wannan, ko Ɗan PZ ne ke da gaskiya

Ɗan PZ:
Ehem. Na faɗa ai. An gudu ba a tsira ba

Tsohon Injiniya:
Kar ka yi saurin murna ƙanena. Mai CBT sake buga show spanning-tree a babban suwic ɗinka, duba sama inda aka rubuta Root ID, akwai layin da ke cewa This bridge is the root? In babu, kwafo adireshin MAC da ke wurin ka bi ka nemo mai shi.

Mai CBT Sabon Gari:
Babu Baba. Na bi, wlh wani tsohon suwic ne a kusurwar hol kusa da taga wanda fankarsa ke ƙara kamar injin markaɗe, kuma shi ba ya kan inbata, soket ɗin bango ne

Tsohon Injiniya:
To ga sarkinku nan. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa rabin hanya, su kunna STP su tafi, su bar zaɓe a hannun ƙaddara. Yadda zaɓen yake, kowane suwic na da lambar fifiko, wanda tasa ta fi ƙanƙanta shi ne sarki. Daga kamfani kowa 32768 yake zuwa da ita, to in duk sun yi kunnen doki sai a koma kan adireshin MAC, mafi ƙanƙanta ya ci, kuma sau da yawa tsohon kaya ne ke da ƙaramin adireshi. Ka ga kenan mafi tsufa mafi rauni a gidan shi ake naɗawa. Duk lissafin hanyoyi daga wurinsa ake farawa. Aka ɗauke wuta sarki ya mutu, sauran suka sake zaɓe suka sake zana hanyoyi suka zubar da adireshin da suka haddace, wuta ta dawo ya farfaɗo ya ce a ba shi rawaninsa, aka sake wani zagayen. A ƙasar da ba a ɗauke wuta mutum zai iya shekara bai san waye sarkinsa ba, mu nan a rana sau nawa?

Kai za ka naɗa da hannunka. Babban suwic da saba ke jikinsa, wanda ke kan inbata:

spanning-tree vlan 1 priority 4096

Na biyun, waziri, ka ba shi 8192. Lambar tana tafiya ne da tsallen 4096, daga 0 zuwa 61440, ba zai karɓi 5000 ko 100 ba. Akwai gajeriyar hanya root primary da root secondary, tana sa 24576 da 28672 in kowa na kan lambar kamfani, amma ni na fi son in rubuta lambata in san me na sa. Sannan a ramukan babban suwic da ke sauka zuwa ƙananan ka sa spanning-tree guard root, ko gobe wani ya kawo suwic daga wani ofis mai lamba 0 ba zai yi muku juyin mulki ba, ramin ne zai tsaya har a cire shi.

Ɗan PZ:
Ko a Zazzau mai gidajen sarauta huɗu ba a naɗi da lambar MAC 😂

Admin:
Ɗan PZ a bar maganar sarauta a nan dan Allah, mun san inda take kai mu. A ci gaba da suwic.

Ɗalibi Samaru:
Baba ni a leb na ga 32769 ne ba 32768 ba, kuskure ne?

'Yar Kongo:
Ba kuskure ba ne ƙanena, lambar VLAN, wato rukunin netwok ɗin da kake ciki, ake ƙarawa a kai. 32768 da VLAN 1 shi ne 32769, a VLAN 20 za ka ga 32788. Cisco kowane VLAN bishiyarsa daban, shi yasa.

Kuma wannan ya tuno min, Malam Mai CBT duk Cisco ne kayanka ko akwai baƙo a ciki? Don in akwai MikroTik ko wani iri sai an yi hattara. Su bishiya ɗaya suke yi wa kowa, Cisco na yin ɗaya ga kowane VLAN, a VLAN 1 suna fahimtar juna amma da VLAN sun yi yawa sai a fara ganin abin mamaki. Kuma farashin hanya, wato lambar da STP ke auna sauƙin hanya da ita, shi ma kala biyu ne, a tsohon lissafi waya mai 100Mbps 19 ce gigabit 4, a sabon lissafi 200000 da 20000, in rabi na wannan rabi na wancan sai zaɓen hanya ya karkace. In kaya gauraye ne MSTP, wato STP mai haɗa VLAN rukuni-rukuni, ya fi kwanciyar hankali, 802.1s, sai dai shi kuma sunan yanki da lambar bita da rabon VLAN dole su zo iri ɗaya sak a kowane suwic, harafi ɗaya ya bambanta sun zama yanki biyu.

Mai CBT Sabon Gari:
MikroTik ɗaya ne kawai rauta ta intanet, waya ɗaya ke zuwa mata. VLAN kuma bamu da shi duk 1 ne

'Yar Kongo:
To bar MSTP, baka buƙata. Kawai ka sani bridge ɗin MikroTik, wato ɓangaren rautar da ke aiki kamar suwic, da RSTP a kunne yake zuwa, lambarsa 0x8000 wato 32768 ɗin dai, da yana cikin 'yan takara, yanzu da ka sa 4096 ya fita. Amma ramin da yake ciki mai gadi zai iya rufewa tunda yana turo BPDU, ko ka cire wa ramin bpduguard ko ka kashe STP a bridge ɗin rautar tunda wayarta ɗaya.

Mai CBT Sabon Gari:
Ashe shi yasa intanet ta ɗauke tun jiya ina ta zagin masu data 😭 na duba ramin yana err-disabled, mai gadi ya rufe shi

Ɗan PZ:
Kun gani ko. Wannan fa shi nake faɗa, yanzu da ranar jarrabawa ce mai gadin naku ya rufe layi guda na yara 8 saboda wani abu, wa zai buɗe? Oga na waje yana fama da iyaye, wanda ya iya konsol yana Samaru. Ni tsoron abin da ke yanke hukunci da kansa nake

Tsohon Injiniya:
A nan kam maganarka na da nauyi, ban ƙi ba. Amma auna, yara 8 ko 250? Kuma rami ɗaya da ya rufe log zai faɗa maka sunansa, ba awa 3 na zare waya ba. In ana so ya buɗe da kansa akwai errdisable recovery cause bpduguard, yana sake gwadawa bayan daƙiƙa 300 in ba ka canza ba. Ni dai a wuri irin na jarrabawa ba na so, na fi son ya zauna a rufe har mutum ya je ya ga me ya faru.

'Yar Kongo:
Baba a nan zan saɓa maka kaɗan, ka yi haƙuri. A wurin da injiniya ke zaune kullum maganarka ce, amma shi Malam ba shi da kowa, in mai kula da hol ya gano wayar ya zare gara ramin ya dawo da kansa ko da bayan minti ɗaya ne, in zagayen na nan ai zai sake rufewa da BPDU na farko. Ni zan sa recovery in rage shi zuwa 60.

Tsohon Injiniya:
Sai ya riƙa buɗewa yana rufewa har wata guda ba wanda ya sani, don ba mai karanta log a garin nan 'yata. Amma naji, ya zaɓa.

Mai Kamara T/Wada:
Wani abu da ba a taɓo ba, ƙananan suwic bebaye marasa saiti ɗin nan ba halinsu ɗaya ba. Wasu suna wucar da BPDU ya zagayo ya koma wa babba sai mai gadi ya kama, wasu kuwa haɗiye shi suke, guguwa na tashi a cikinsu tana hawowa sama babba bai ji BPDU ko ɗaya ba. Na gani da idona a wani shago a Tudun Wada. Don haka kar a dogara da shi shi kaɗai

'Yar Kongo:
Gaskiya ne Malam, shi yasa ake ƙara storm-control, mai kama guguwar saƙon kowa da kowa in ta yi yawa, a ramukan kwamfuta. storm-control broadcast level 1.00 da storm-control action shutdown, a ramin gigabit kashi 1 ɗin 10Mbps ne, kwamfutar jarrabawa ba ta da dalilin yin ihun da ya kai haka. In ramukan 100Mbps ne ka ɗaga lambar kaɗan ka gwada. Masu MikroTik kuma suna da loop-protect a kan ramin. Amma Malam Mai CBT tunda kana da 2960 har 12, ramuka nawa ne babu kowa a ciki? Ka ja wa layin bayan nan wayoyinsu ka jefar da ɗan bebe ɗin mana

Ɗan PZ:
Alhamdulillah an dawo kan maganata ta farko, cire ƙananan suwic 😎

Tsohon Injiniya:
Rabin maganarka. Kwado kuma ka saya masa, ba mu hana ba.

Tunda ana maganar jera suwic, kar a riƙa ɗaura wannan a bayan wancan kamar taragon jirgi. Agogon tsohon STP an lissafa shi ne a kan faɗin suwic 7. A Nuwamban 2002 wani babban asibiti a Boston, Beth Israel Deaconess, netwok ɗinsu ya durƙushe kusan kwana 4 har suka koma takarda da biro, kuma cikin abin da aka gano akwai cewa jerin suwic ɗinsu ya wuce wannan iyakar. Su da kuɗinsu da injiniyoyinsu.

Mai CBT Sabon Gari:
To jama'a ga rahoto. Na sa 4096 da 8192, yanzu babban na cewa This bridge is the root. Na zare soket ɗin tsohon na kusurwa sau 3 da gangan, layinsa kawai ya mutu sauran hol ko gezau. Intanet ta dawo bayan na kashe STP a rautar na yi shutdown da no shutdown a ramin. Sannan na kira yaron sharar nan na ba shi waya na ce ya maimaita abin da yayi ranar Asabar, yana ta rantsuwa ba zai ƙara ba sai da na lallashe shi, yana sokawa ko daƙiƙa 3 ba a yi ba ramin ya rufe fitila ta koma ruwan lemo, sauran kwamfutoci na ta aikinsu. Recovery ɗin na bi Hajiya na sa 60, Baba a yafe min. Ɗan bebe yana nan tukuna don kebul ɗin da ya rage min bai kai layin baya ba, Ɗan PZ nawa kwalin Cat6 yanzu a wajenku, kuma na jan ƙarfe nake so ba mai fenti ba

Ɗan PZ:
Shigo inbox oga, farashin safe daban na yamma daban. In za ka zo ka biyo kafin la'asar, kuma ka taho min da saitin nan a rubuce akwai wani ofis a Hanwa da nake son in gwada a kai